Ɗigon Ja a Gindin Kofi

Arlit, 5 ga Fabrairu

Zuwa ga Kakata,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kina lafiya. Yaya gwiwar taki da wannan sanyi? Yaya awaki, yaya mutanen Tsibiri baki ɗaya? Mu nan lafiya lau. Gwaggo Lidiya da Baba Ishaya suna gaishe ki.

Kaka, akwai abin da na yi wanda ban faɗa wa kowa ba, ko a addu'a ban ambace shi ba. Ba zan iya faɗarsa a salula ba, don kunnenki sai an ɗaga murya, Gwaggo kuma ba ta nisa idan ina waya. Shi ya sa na rubuta, zan ba Hamadi, direban kar ɗin nan mai ɗaukar fasinja, ya sa a hannunki. Ki sa tabarau ki karanta da kanki, kada ki ba kowa.

Kin san tun da na gama karatun lakwal Gwaggo ta ɗauko ni nan don in koyi ɗinki, ta kuma ba ni aikin wanke kofunan Jibin Ubangiji. Ƙanana ne na roba mai haske, guda sittin, kowanne kurɓi ɗaya na zoɓo yake ɗauka. Duk Asabar ɗin da ke gaban Lahadin farko ta wata, ni nake zuwa majami'a in wanke su da omo da ruwan jabel mai kashe ƙwayoyin cuta, in jera su a babban tire. Ina son aikin, don ba ya bukatar magana da kowa.

Tun bayan Kirsimeti wasu baƙi suke zuwa sujada. Suna cikin waɗanda ake korowa daga Aljeriya, a zube su cikin rairayi su tako da ƙafa har Assamakka, daga can manyan motoci su kawo su nan su jira a mai da su ƙasashensu. Su bakwai ne, Kirista ne, kuma bencin baya suke zama. Tufafinsu suna warin zufa da hayaƙin mota. Ba zan ɓoye miki ba, idan na wuce kusa da su ina riƙe numfashi.

Asabar ɗin da ta wuce Gwaggo ta bi ni majami'a. Ta ce wai ba a san abin da mutanen nan suka kwaso a hanya ba, riga-kafi ya fi magani, kuma ita ce shugabar zumuntar mata, idan wani abu ya faru ita za a tambaya. Ta miƙo mini kwalbar jan farcenta. Ta ce in ware kofi bakwai, in ɗiga wa kowanne ja a gindi don kada su ƙara haɗuwa da sauran, in riƙa wanke su dabam, in jera su a ƙaramin tiren da ta zo da shi daga gida. Wai idan an tambaya, ƙaramin tire ya fi sauƙin shiga tsakanin bencin baya.

Na yi, Kaka. Abin da ya fi ba ni ƙyama shi ne ban ji komai ba lokacin da nake yi. Har na fito da harshe ina gyara ɗigon ya fito kewayayye, bakina yana rera waƙar sujada. Kuma bokiti biyu ne kawai a majami'a, na wanke-wanke da na goge daɓe. Gwaggo ba ta ce mini ga wanda zan ɗauka ba. Ni da kaina na zaɓi na goge daɓe don kofunan baƙi.

Ran Lahadi ina zaune a gefe, tun da ba a yi mini baftisma ba tukuna, kallo kawai nake yi. Baba Ishaya, shi ne dattijon da ke rabawa, ya kai ƙaramin tiren baya. Akwai wata doguwar mace a cikinsu, leɓɓanta duk sun tsage. Ta karɓi kofin da hannu biyu, ta sha, ta rufe ido, hawaye suna zuba. Da ta buɗe ido sai ta dubi cikin kofin. Robar mai haske ce, idan an shanye zoɓon ɗigon yana fitowa ta ciki, kamar ido. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta leƙa kofin yaron da ke bencin gabanta, ta mai da nata kan tire a hankali.

A bencin farko kuwa akwai wani dattijo da ya yi shekara ashirin a ramin ma'adini, tari yake yi har da jini, kowa ya sani. Ba wanda ya taɓa cewa a ware masa kofi. Nasa ni nake wankewa tare da na Gwaggo.

Ba ƙarar ƴarki nake kawo miki ba. Gwaggo tana yi mini alheri, ba ta taɓa bari na kwana da yunwa ba. Hannuna ne ya riƙe kwalbar. Tun ran nan bakina ɗaci yake, ko shinkafa na sa sai in ji warin jan farce.

Ki gai da kowa. Ki yi mini addu'a.

Jikarki,
Tabita


Arlit, 12 ga Maris

Zuwa ga Kakata,

Salamar Ubangiji ta kasance tare da ke. Yaya jiki, yaya zafin da ya fara shigowa? Na ji akuyar nan mai baƙin kunne ta haifi biyu, barka da arziki. Hamadi ya kawo mini ƙuli-ƙuli da takardarki, na gode ƙwarai.

Na buɗe takardar ina tsammanin faɗa ko wa'azi, sai na ga layi ɗaya tak: wai yaushe rabona da in sa hannu a gindin randa? Da farko na ji haushi. Na rubuta miki shafi biyu, ke kuma kina tambayar randa. A gidan Gwaggo ma babu randa, gidan kamfani ne, firigo mai sanyaya ruwa gare mu da famfo har cikin ɗaki. Sai da na kwana biyu na tuna yadda kike sa ni in juye ruwa duk safiya in cusa hannu har kafaɗa. Ina cewa ruwan ai garau yake, ke kuma ki ce in shafa ƙasan in gani. Kullum sai na ji santsin nan mai yauƙi a yatsuna, in yamutsa fuska ki yi mini dariya. Kina cewa randa ba ta ƙazanta rana ɗaya, kuma ba ta sama take farawa ba.

Na shafa, Kaka. Abin da na taɓo ba shi da daɗin faɗa.

Lahadin farko ta wannan wata na sake jera ƙaramin tiren. Kafin nan na yi ƙarfin hali na tambayi Gwaggo, da ƙaramar murya, ko ruwan jabel ba ya kashe kowace irin cuta. Ta dube ni sama da ƙasa. Ta ce wai yaushe ƙwai ya fara koya wa kaza kwanci, kuma in sani kar ɗin da ya kawo ni Arlit bai ruɓe ba, duk ranar da na kunyata ta a majami'a shi zai mai da ni Tsibiri, in je in yi ɗinkin da ƙayar aduwa. Na jera tiren yadda ta ce. Ina son ɗinkin nan, na fara iya sa hannun riga. Ran Lahadi kofi shida aka ɗauka a tiren. Doguwar macen ta zo, amma da aka miƙa mata sai ta girgiza kai.

Ran Laraba aka yi taron zumuntar mata a gidanmu, ni nake raba ruwan sanyi. Gwaggo ta yi koyarwa kan karɓar baƙi. Ta iya magana sosai, har wata ta share ido da gefen kallabi, ana ta amin. Ana gama addu'a suka koma kan zanen ankon Ista, ko shuɗi ko ruwan goro, aka yi awa biyu ana musu kamar za a daku. Ba wadda ta tambayi dalilin da ya sa kofi ɗaya ya dawo cike. Ina tsaye da buta ina kallon bakunansu suna maiƙon soyayyen nama. A raina na ce ni kam ba irinsu ba ce.

Ashe ni ce gaba da su. Bari ki ji.

Akwai wata Ba'abziniya, Dassin, mai kawo mana salad da tumatir daga lambunan bayan gari. Musulma ce, tana zaune a unguwar bukkoki. Ta kwana biyu ba ta zo ba, sai Gwaggo ta ɗora ni a kabu-kabu in je in karɓo kayan. Ina shiga rumfarta na ga doguwar macen nan kwance a tabarma, ƙafafunta naɗe da tsumma. Sunanta Solanj, daga Kamaru take. Wurin da ake ajiye su ya cika maƙil, zazzaɓi ya kayar da ita a gefen kasuwa, Dassin ta kwaso ta zuwa gida. Ba su jin harshen juna sai da hannu. Jinyarta ce ta hana Dassin fitowa talla.

Na so in karɓi tumatir in gudu, Dassin ta hana. Hausarta ba ta raba mace da namiji, sai cewa take wai kai yarinya ka zauna, ba a shiga gidan Abzinawa a fita shayi yana kan wuta. Kofin gilashi biyu ne kawai gare ta. Ta zuba, ta ba Solanj ɗaya, ta sha ɗaya. Solanj na ajiye nata, Dassin ta sake cika shi, ko ɗauraya babu, ta miƙo mini.

Kaka, na ga sawun leɓen a bakin gilashin. Na kai shi baki na yi kamar ina sha, da Dassin ta juya tana hura gawayi sai na tuntsurar da shi cikin rairayi, na rufe da ƙafa. Solanj tana kallona. Ba ta ɓata rai ba, murmushi ma ta yi. Ta yi mini Faransanci a hankali don in gane. Ta ce ta san ni, ni ce yarinyar da ke zama gefe a majami'a. Ta tambaye ni wane ne mai hannun da ya yi ɗigon nan, wai ya fito kewayayye kamar na tela, mai wannan hannu zai iya ɗinki. Ta ce tun da ta bar gida ake yi mata alama iri-iri, amma wannan ce ta fi kyau. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Dassin ba ta san abin da ake cewa ba, ta taya ta dariyar, tana bubbuga mata baya.

Ban ce ni ce ba. Na ce ban sani ba.

A ajin baftisma ni ce ta ɗaya. Fasto yana cewa sauran su yi koyi da jikar tsohuwar Tsibiri, ayoyi arba'in a kanta ba gargada. Ni ma haka na ɗauka. Na ɗauka tun da a gidan masu bi aka haife ni, ban sata ba, ban bin samari, ban fashin sujada, to ni na gama, saura a tsoma ni a ruwa kawai. Da na zauna na duba, tun da na zo Arlit ban yi addu'a da zuciyata ba. Baki ne ke tafiya shi kaɗai kamar keken ɗinki ba zare. Ban san ranar da ƙazantar ta fara taruwa ba, don ba abin da ya faru. Muna da wuta, muna da ruwa, ba mai tsangwamarmu, Lahadi tana bin Lahadi.

Kuma na tuna labarin da kike ba mu, lokacin da kika karɓi bangaskiya kina amarya, dangi suka ware miki ƙwarya, suka ƙona bakinta da wuta don a gane ta. Kin ce shekara uku kina sha da ita ke kaɗai. Ina jin labarin ina jin daɗi, wai ni jikar mai ƙonanniyar ƙwarya ce. Yau ga ni da kwalbar jan farce a hannu. Idan na tuna sai in ji kamar in tuɓe fatata in wanke da jabel.

Fasto ya sa ranar baftisma, safiyar Ista, kuma a ranar za a yi Jibi. Shi ne na farko da zan sha. Dassin ta ce bayan Ista za a kwashe su Solanj zuwa Agadez.

Kada ki ce wa Gwaggo komai, don Allah. Ki gai da maƙwabta.

Taki,
Tabita


Arlit, Asabar kafin Ista

Zuwa ga Kakata,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata zafin nan bai hana ki barci ba, kuma ƴan awakin suna tsotso da kyau. Barka da shirin biki. A gaggauce nake rubutu, don Hamadi zai tashi da la'asar.

Sau biyu na koma gidan Dassin da sunan karɓo salad. Na farkon na ƙi zama. Na biyun na zauna, aka miƙo mini gilashin bayan Solanj. Ba zan yi miki ƙarya ba, ƙyamar tana nan, ba ta tafi don na yi nadama ba. Na rufe ido na haɗiye. Shayi ne kawai, mai sukari da yawa. Dassin ta ce wai yau kai yarinya ka zama mutum.

Na yi niyyar in ce wa Solanj ni ce mai ɗigon, har na tsara kalmomin a hanya, amma da na buɗe baki sai suka tsere. Abin da na iya faɗa kawai shi ne ta zo gobe, za a yi mini baftisma. Ta dube ni, ta ce za ta gani idan ƙafa ta yarda. Ban sani ba ko za ta zo.

Yau da hantsi na je majami'a wanke kofuna. Ba kowa, duk suna wurin tela karɓar anko, ruwan goro ne ya ci. Kafin in taɓa komai na durƙusa tsakanin benci na yi addu'a. Ba ta yi tsawo ba, kuma ba aya ko ɗaya a cikinta. Na faɗa wa Ubangiji maganar bokitin daɓe, da shayin da na zubar, da ƙaryar da na yi. Na roƙe shi kada ya bar ni in sake jin daɗin kaina irin na da.

Daga nan na ɗauki ɗaya cikin bakwai ɗin, na gwada kankare ɗigon da reza. Ya fita, amma ya bar tabo fari a robar, mai ido zai gane daga nesa. Kankarewa ba za ta yi ba. Ina mai da rezar cikin kabad sai na ga kwalbar jan farcen, tun ran nan Gwaggo ta manta da ita a can.

Na kife kofunan duka a kan tebur, na bi su ɗaya bayan ɗaya. Hamsin da uku, da wanda na kankare. Wasu ɗigon sun karkace, amma na yi. Jan ya ƙare daidai kan na ƙarshe, sai da na karkata kwalbar na lakato. Na jira suka bushe, na zuba su duka sittin a bokitin wanke-wanke, na juya su da hannu cikin kumfa har ni kaina na kasa sanin wanne ne wanne. Na jera su a babban tire. Ƙaramin tiren na wanke shi na mai da shi gida, yana cikin kwanukan Gwaggo inda ya fito.

Gobe kowa zai shanye zoɓonsa ya ga ja a gindin kofi. Yawancinsu ba za su san ma'anarsa ba. Gwaggo za ta sani, Baba Ishaya ma haka. Ba zan tsaya gaban jama'a in yi magana ba, kin san ba zan iya ba. Amma idan Gwaggo ta tambaye ni, zan ce ni ce, kuma idan ta ba ni wata kwalbar ba zan karɓa ba.

Na ninke kayana cikin jaka na tura ƙarƙashin gado, har da rigar da na ɗinka miki, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo kaɗan. Ina tsoro, Kaka. Ina son keken ɗinkin nan kamar me. Ki share mini wurin tabarmata, ko da za a ce kin ga Hamadi ya sauke ni a bakin hanya. Idan na zo, wankin randa nawa ne.

Gobe zan sha Jibi na farko a rayuwata, kuma ban san bakin wa ya riga ni taɓa kofin da zai faɗo hannuna ba. Haka na zaɓa.

Ki gai da mutanen majami'ar Tsibiri. Ubangiji ya tsare ki.

Jikarki mai ƙaunarki,
Tabita